Obrad da Shaidunsa Masu Tsawon Rai

Idan ana maganar cika baki a ƙauyenmu, sai an gama da Obrad kafin a tuna da wani. Ni Tihomir na fi kowa saninsa, don ni ne kum ɗinsa, wato ni na tsaya masa a coci ranar aurensa, tun daga nan muke kiran juna Kum, ga shi kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. A wurinmu mutum yana iya fita harkar ɗan'uwansa na jini, amma ba ya fita harkar kum. Da ana fita, wallahi da tuni na fita.

Abin da Obrad yake tinƙaho da shi a duniya shi ne tukunyar tagullar da ya gada wurin mahaifinsa, wadda yake dafa barasar shiliba a ciki. Kowace kaka, idan shiliba, 'yar itacen nan mai zaƙi da ƙwallo ɗaya a ciki, ta nuna ta yi shuɗi a kan itatuwa, sai ya tara ta a manyan ganguna ta ruɓe, sannan ya hura wuta ya tatse ta. A faɗarsa, duk faɗin ƙasarmu Sabiya babu barasa irin tasa. Ba ya ma yarda a kira ta barasa, magani yake cewa. Da safe ɗan kofi ɗaya kafin ya sa komai a ciki, wai yana kashe ƙwayoyin cuta. Da rana kofi ɗaya don abinci ya sauka. Da yamma kuwa ba a ƙirgawa, don a cewarsa ƙirga magani rashin godiya ne.

Shekararsa sittin da uku lokacin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur kamar tumatir. Matarsa Radoyka ta ja shi asibiti yana tirjiya, ni kuma na tuƙa motar. Likita Yasna, yarinyar da muka gani tana rarrafe, ta auna shi ta ɗebi jini, da sakamako ya fito ta zaunar da mu duka.

"Kawu Obrad, jininka ya hau, hantarka ta tara kitse, sukari ma ya fara leƙowa. Wannan yatsan gargaɗi ne kawai. Barasar nan ce, ka daina."

"In daina magani? 'Yata, a wace makaranta aka koya miki wannan? Kakana haka yake sha, kuma sai da ya yi shekara ɗari da huɗu!"

"Allah ya ji ƙansa. Amma ba hantar kakanka na auna ba, taka na auna."

Radoyka ta bari sai da muka iso ƙofar gida. Nan ta juya ta ce masa bana ce shekararsa ta ƙarshe da tukunyar nan, ko ya ba ta da hannunsa ko ta kira masu sayen tsohon ƙarfe. Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman katanga, shi kuwa Obrad da zarar ya ga idon jama'a sai kansa ya kumbura.

"To ku zama shaida!" ya ɗaga murya. "Ranar da zan dafa ta bana, zan zaunar da mutum goma a tsakar gidan nan, kowa ya haura casa'in, kowa yana sha kullum. Idan na kasa, ki ɗauki tukunya ki yi wanka a ciki. Idan na kawo su kuwa, likita ta sha kofi ɗaya a gaban kowa ta ba ni haƙuri."

"Goma sun yi maka yawa, tsoho," in ji Radoyka. "Kawo uku."

"Kin raina ni ke nan. To uku, don kada in wahalar da kujeru."

Ya miƙo mini hannu in zama shaida, na karɓa, raina yana gaya mini na sayi wahala da hannuna.

Washegari ya shigo motata da kwalabe biyu a hammata, ya ce mu je ɗauko shaidu. Na tambaye shi wurin wa za mu fara.

"Stanoye maƙeri. Wannan ai da barasa yake kurkure baki."

"Kum, ai mun binne Stanoye. Kai ne ma ka yi jawabi har ka kusa faɗawa ramin."

"Au, haka ne. Me ma ya kashe shi?"

"Hanta."

"To ai ta kanti yake sha. Ta kanti guba ce. Mu je wurin Lazar mai niƙa."

"Lazar yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ko sunan matarsa ba ya iya kira."

"Shi ma laifinsa ne, yana surkawa da ruwa. Ruwan ne ya cuce shi. Mitar fa?"

"Zuciya. Bai kai saba'in ba."

Obrad ya buga cinya da murna, har ya manta ya taka yatsan ya yi ƙara. "Ka gani ko! Mitar ya daina sha wata biyu kafin ya mutu. Yana dainawa ya tafi!"

"Ai don yana mutuwa ne ya daina, Kum."

"Kai dai tuƙa mota. Tun muna yara ba ka da zurfin tunani."

Muka yi ta zagaye ƙauyuka. Duk gidan da muka buga, mace ce ke buɗewa, ta ba mu gahawa da ɗan kayan zaƙi a cokali, ta nuna mana hoton maigida a bango. Ni dai jikina ya yi sanyi, amma Obrad kowane mamaci sai ya samo masa laifi: wannan iska ce ta buge shi ta taga, wancan matarsa ce mai mita, wancan kuma ya fara cin ganye.

A wani ƙauye can bayan kogi muka ga wani dattijo zaune a tashar mota, gemu fari fat, baki babu haƙori ko ɗaya, hannu yana rawa, kwalba a aljihun kwat. Obrad ya daka mini duka a kafaɗa har na kusa afka wa wata tinkiya.

"Tsaya! Ga ɗari cif a zaune!"

Ya sauka yana ɗingishi, ya cire hula, ya rusuna. "Baba, barka da hutawa. Kana ɗan taɓawa kuwa?"

"Tun ina da wayo ban taɓa fashi ba," in ji dattijon. Sunansa Budimir.

Na raɗa wa Obrad ya tambayi shekarunsa. Ya harare ni. "Ka rasa kunya ne? Mutum kamar wannan za ka tambaya shekaru? Ai fuskarsa ta gama magana. Ina jin ma ya yi yaƙi da Turkawa."

Budimir ya yarda nan take, da sharaɗin za a ba shi masauki da abin jiƙa maƙoshi har ranar taro. Kafin mu iso gida ya kwankwaɗe kwalba guda, ya rera mana waƙar soja, ya yi barci a kafaɗar Obrad yana dalalar da miyau. Aka sauke shi a ɗakin ajiya. Radoyka ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi mijinta, ta koma kicin tana murmushin da ni dai bai kwanta mini ba.

Shaida ta biyu ita ce wadda Obrad ya fi ji da ita: Kaka Lepa, mai shekara casa'in da shida, da ke zaune ita kaɗai a kan tudu. Shekara talatin ke nan duk wata sai ta aiko an saya mata kwalba biyu a wurinsa. Mota ba ta hawa wurin, don haka muka kama hanya a ƙafa. Ba mu kai rabi ba Obrad ya zube a gindin wata bishiya yana haki, fuska ta yi ja, yana cewa wai yana duba yanayin gari ne. Muna nan sai ga Kaka Lepa ta taho daga bayanmu da ƙunshin itace a gadon baya, ta wuce mu, ta waiwayo.

"Wane ne wannan ke mutuwa a hanyata? Au, ɗan da Yobanka ta haifa ne. Tashi, yaro, ƙasa da sanyi."

Ta karɓi jakarsa ta ɗora a kan itacen, muka bi ta a baya kamar 'yan maraƙi. Da muka isa, bunsurunta ya ga bayan Obrad ya yi masa daidai, ya kai masa karo har sai da ya rungumi randar ruwa. Bayan ya dawo hayyacinsa ya ce mata:

"Kaka, so nake ki zo ki gaya wa jama'a amfanin barasata."

"Me zai hana? Ai babu kamarta. Ranar da ta ƙare mini ba na samun sukuni."

"Kullum kike amfani da ita?"

"Safe da yamma."

Obrad ya juyo ya dube ni, hanci a sama. A hanyar saukowa na ce masa saura na uku. Ya ce na uku yana rataye a bangon falonsa, hoton kakansa ne. Na ce matattu ba sa shaida. Ya ce shi bai taɓa cewa masu rai ba, in kuma na ƙara magana zai nemi wani kum.

Ranar taro ta zo, tsakar gida ta cika maƙil. An kafa tukunyar tagulla a kan murhu tana sheƙi, rago yana juyawa a kan garwashi, mai akodiyon, abin kiɗan nan mai kama da zugazugi, yana gwada yatsu. Likita Yasna ta zo da jakarta, aka ba ta kujera a gaba. Obrad ya fito cikin kayan gargajiya, sai dai takalmin dama ya ƙi shiga saboda yatsan, don haka ya yanke bakinsa da wuƙa, yatsan ya leƙo waje yana gaida mutane. Ya jera kujeru uku: Budimir a ta farko, Kaka Lepa a ta biyu, hoton kakan a jingine a ta uku. Ya hau kan wata ganga da ƙyar.

"Jama'a! Yau ilimin littafi zai durƙusa wa ilimin tukunya. Ga shaida na farko. Ku dubi wannan bawan Allah! Ya ga sarakuna, ya ga yaƙe-yaƙe, kuma bai taɓa fashin kofi ba!"

Aka tafa. Likita ta sunkuya da ladabi. "Baba, shekarunka nawa?"

"Hamsin da tara zan cika a hunturu."



"Ruɗewa ce ta tsufa!" Obrad ya yi ihu daga kan ganga. "Ɗari da hamsin da tara yake nufi... a'a, casa'in da tara!"

"Haba Yaya Obrad," in ji Budimir yana washe dasashi, "ba ka gane ni ba har yanzu? Makaranta ɗaya muka yi. Kana aji biyar ina aji ɗaya, kai ne kake ƙwace mini burodi a bayan aji. Na ce bari in zauna in fanshe abina."

Dariya ta ɓarke. Wata mata ta shaƙe da cuku har sai da aka bubbuga mata baya. Wani daga baya ya yi ihu, "Obrad, gaida ƙaninka mana!" Obrad ya share gumi ya ce wannan tsautsayi ne, kowa yana iya kuskure, a saurari shaida ta gaskiya.

Kaka Lepa ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta gyara ɗankwali.

"Ni dai gaskiya zan faɗa, barasar yaron nan babu irinta. Da safe ina shafa wa gwiwoyina, da yamma in shafa wa ƙugu. Tana wanke gilashin taga tas, ko ƙuda ba ya sauka. Idan ƙwarƙwata ta kama kajina, fesawa ɗaya ta isa. In itace ya jiƙe kuwa, ɗigo kaɗan, sai ka ji wuta fuu!"

"To, da sha fa, Kaka?" in ji Obrad, muryarsa ta fara siririta. "Gaya musu nawa kike sha."

"Sha? Allah ya kiyaye! Abin da ke kashe ƙwarƙwata zan zuba wa cikina? Ni tun da uwata ta haife ni ko ɗigo bai taɓa wuce maƙoshina ba."

Wannan karon har mai akodiyon sai da ya ajiye kayansa ya riƙe ciki. Ni kaina na yi niyyar daurewa saboda haƙƙin kum, amma dariyar ta fito mini ta hanci. Obrad ya sauko, ya fizgi hoton ya ɗaga sama da hannu biyu.

"To ga wanda ba ya ƙarya! Kakana Miloye! Ɗari da huɗu!"

Kaka Lepa ta matso ta ƙura wa hoton ido. "Miloye! Ai na san shi, ni na taya wanke kwanuka ranar jana'izarsa. Hamsin da biyar ya yi, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Mai ɗari da huɗu ai matarsa ce, Stana. Ita ma gwiwa take shafa wa. Kun ɗauke shekarunta ne kuka ba namiji, kamar yadda kuka saba."

Da wani mai hankali ne, da nan ya tsaya. Obrad kuwa ya jefar da hula ya ce shaidu banza ne, shi da kansa ne shaida. Ya umarci mai akodiyon ya buga mafi sauri a kiɗan kolo, rawarmu ta zagaye, ya kama hannun mutane ya shiga gaba zai ja layin rawa. Zagaye na farko ya yi shi da cije baki. A na biyu Budimir ya ji kiɗa ya motsa shi, ya taso yana tangaɗi zai shiga layi, ya sauke diddigensa daidai kan yatsan nan da ke leƙe.

Ihun da Obrad ya yi, karnukan ƙauye uku sun amsa. Ya kama ƙafar da hannu biyu, ya yi tsalle da ɗaya, ya yi baya, ya yi baya, ya ci karo da bakin babban bahon da aka juye ruɓaɓɓiyar shiliba, ya afka ciki da baya. Ƙafafu kawai ake gani suna harbin iska. Ana cikin jawo shi sai wani wari ya turnuƙe gidan: tun da ya hau ganga babu wanda ya kula da wuta, abin da ke cikin tukunya ya kama ya ƙone, barasar bana ta fito da ɗanɗanon tsohuwar taya.

Mu huɗu muka tsamo shi, shuɗi tun daga gashi har ƙafa, ƙwallon shiliba maƙale a kunnensa. Muka zaunar da shi a kujerar kakansa. Likita ta naɗe masa hannu da abin awo, ta duba, ta ƙara dubawa, ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe da safe tana son ganinsa, kuma ba roƙo take yi ba.

"Ƙarya awon yake," in ji shi a hankali. "Rawa ce ta..."

"Obrad." Radoyka ce ta katse shi. Ta tsaya a gabansa da tawul a hannu. "Ni ba tukunyarka nake so ba, me zan yi da ita? Ɗaga kai ka dubi tsakar gidanka. Dubi matan da suka zo."

Ya ɗaga kai. Nima na duba, kuma sai a lokacin na lura. Ga matar Stanoye, ga matar Mitar, ga wasu da dama a jere a kan benci, kowace da baƙin ɗankwali. Matar Lazar tana tsaye a bakin ƙofa, ta kasa zama don ta bar shi shi kaɗai a gida. Duk mazan da muka taso muna zagaye tukunyar nan tare, matansu ne suka zo cin ragon.

"Baƙi ba ya yi mini kyau," in ji Radoyka. "Kuma ba na son zama a bencin can."

Tsoro ya kama ni a lokacin, tsoro na gaske, don na hango kaina ina jawabi a bakin raminsa, kuma duk haushin da yake ba ni ban san yadda zan yi da safiya babu surutunsa ta saman katanga ba. Obrad ya daɗe yana kallon bencin. Sannan ya miƙe yana ɗingishi, ruwan shiliba yana ɗiga, ya naɗe hannu da tawul ɗin, ya cire murfin tukunyar ya miƙa wa matarsa. Matan nan masu baƙin ɗankwali suka taso ba wanda ya kira su, suka kashe wutar, suka jira ta huce, suka kama hannuwan tukunyar suka fita da ita ta ƙofar gida.

Ya koma ya zauna, Kaka Lepa ta ɗauko kwalba ta durƙusa tana shafa masa a yatsa, yana ciccije baki. Na ɗauka yau dai bakinsa ya mutu. Can sai ya jawo hannun rigata.

"Kum, ka ga taron da na tara? Ka faɗi gaskiya, duk Sabiya akwai wanda ya taɓa daina sha a gaban mutane masu yawa haka? Ni idan na daina abu, dainawa nake yi ta ƙwararru. Ka rubuta ka ajiye, sai na yi ɗari da ashirin."

Kaka Lepa ta matse yatsan har ya zabura.

"Fara kaiwa Lahadi tukuna, yaro," ta ce. "Miƙo ɗaya ƙafar."